Kwarangwal na roba mai tsayin mutum: ya biya kuɗinsa daga wuya zuwa ƙafa, amma ban da ƙoƙon kai

Kwarangwal ɗin da zan yi magana a kansa shi ne irin na roba mai tsayin mutum, wanda ake kafawa a kan sandar ƙarfe mai tayoyi biyar. Idan aka haɗa da sandar, tsayinsa ya kai wajen santimita 180. Ƙirar Caina ne, kuma babu sunan wani kamfani a jikinsa, sai lamba kawai a kan kwalin. Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka saye shi a wani shagon kayan asibiti da ke Sabon Gari a Kano, a farkon shigarmu aji biyu a sashen Anatomi, wato ilimin tsarin jikin mutum. Yanzu muna aji uku, ya sha hannu, ya zaga gidaje huɗu, ya ga zafi ya ga damina ya ga hunturu. Ƙannenmu da suka shigo aji biyu bana suna ta tambayata ko su ma su saya, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da na gani a jikinsa dalla-dalla.

Duk wanda ya san sashenmu ya san yawancinmu likitanci muka cike a JAMB. Gurbin ya yi kaɗan, domin hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, wato MDCN, ce ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban likitancin da za ta ɗauka, sai aka tura mu Anatomi. Jami'o'i irin su ABU Zariya da Bayero ta Kano suna ba da wannan digiri na shekara huɗu, kuma da yawa daga cikinmu burinmu shi ne mu gama da sakamako mai kyau mu nemi shiga aji biyu na likitanci kai tsaye. Saboda haka abin da muka koya a ƙashi zai yi mana aiki sau biyu. Shi zai ɗaga makin da za a duba kafin a ɗauke mu, kuma shi za mu sake tarar da shi a babbar jarrabawar da ɗaliban likitanci ke yi a Anatomi da Fiziyoloji da Bayokemistiri kafin a bar su su shiga asibiti. Mai irin wannan lissafi ba zai yi karatun hadda ya zubar bayan jarrabawa ba. Yana bukatar abin da zai zauna masa a hannu.

Shagon da muka je ba shi da girma. Ma'aunin hawan jini da kekunan guragu da kwalaben gwaji ne suka cika shi, kwarangwal kuwa iri biyu ne kawai yake da su. Akwai ƙarami mai santimita 85 da ake ɗorawa a kan tebur, sai wannan babban. Mai shagon dattijo ne mai haƙuri, kuma ya san kayansa. Da ya ga muna juya ƙaramin saboda sauƙin kuɗinsa, sai ya ce, "Dakta, wannan na makarantun sakandare ne da masu kemis da ke son ƙawata shago. In karatu za ku yi, ku daure ku ɗauki babban." Na riƙe hannun ƙaramin na duba, na ga gaskiyarsa. Ƙasusuwan wuyan hannu guda takwas an zuba su ne dunƙule ɗaya, an ɗan tsaga layuka a kai. Abin da ya fi burge ni da shagon shi ne ya yarda muka buɗe kwalin babban a gabansa, muka fito da komai muka ƙirga kafin mu biya, kuma ya rubuta mana a rasit cewa in wani abu ya ɓace a ciki mu dawo. Haka kuwa aka yi. Da muka je haɗawa, notin da ke riƙe ƙafar hagu bai zo ba. Muka koma, bai yi gardama ba, ya kwance na jikin wanda ya kafa don talla ya ba mu. Farashi ba zan faɗa ba, domin yana bin dala, abin da muka biya bara ba shi ne na yau ba. Amma ba kuɗin da ɗalibi ɗaya zai fitar cikin sauƙi ba ne.

Haɗa shi ba wuya. Gangar jikin tana zuwa a haɗe, daga wuya zuwa ƙugu, da sandar ƙarfe a cikin ƙashin baya. Hannuwa da ƙafafu da kai ne kawai ake ɗaurawa, kuma filaya ɗaya ta isa. Saman ƙoƙon kai yana cirewa, muƙamuƙin ƙasa yana kan sifirin, yana buɗewa yana rufewa. Namu irin mai fenti ne: a ɓangare ɗaya an shafa ja a inda tsoka ta taso, shuɗi a inda ta je ta kama.

A gaɓoɓin hannu da ƙafa ne ya nuna amfaninsa, kuma da su aka fara mana a aji biyu. Mutum babba yana da ƙashi 206. Daga ciki 126 na hannuwa ne da ƙafafu da abin da ya ɗaure su da jiki, 80 kuwa na kai ne da ƙashin baya da ƙirji. Ke nan fiye da rabin abin da za a tambaye ka a ƙashi yana nan a inda wannan roba ta fi kyau. Manyan ƙasusuwan sun fito sosai. Ƙashin dantse yana da duk tudu da kwarin da ake nema. Ana jin wuyansa na ƙasa da kai, inda yake yawan karyewa, inda kuma jijiyar saƙon da ke motsa tsokar kafaɗa take zagaye shi. Ana ganin kwarin da ya karkace ta bayansa, hanyar jijiyar da in ta lalace hannu ke langaɓewa daga wuyan hannu. A ƙasa kuma ga tudun nan na cikin gwiwar hannu, wanda in mutum ya buge shi yake jin zirrr har ƙaramin yatsa, saboda jijiyar da ke bi ta bayansa ba ta da wata kariya sai fata. Waɗannan wurare uku a hoto layuka ne da kibiyoyi. Da na sa yatsa na bi su a kan robar, sannan na laluba nawa hannun na ji su, ban sake neman su a littafi ba.

Dabarar da ta fi yi mana aiki ita ce ta zaren saƙa. Muka sayo ja da shuɗi da rawaya da salatif. Ja jijiyar da ke kai jini, shuɗi mai dawo da shi, rawaya jijiyar saƙo. Sai mu liƙa zaren tun daga wuya, mu bi da shi ta ƙarƙashin ƙashin karankarma, ta hammata, har tafin hannu. Tsoka kuwa sai mu yanka tsohon ƙyalle mu liƙa bakinsa ɗaya a jan fenti, ɗayan a shuɗin, mu ja mu ga inda gaɓar za ta nufa. Wanda ya yi haka ba ya bukatar haddace aikin tsoka, domin da ka san inda ta taso da inda ta kama da gaɓar da ta tsallaka, aikinta a fili yake. Ƙawata ɗaya da ke shan wahala da tarin jijiyoyin hammata, waɗanda ke fitowa daga ƙashin wuya na biyar zuwa na ƙirji na farko, da wannan zaren ta warware su. Ta ɗaura zare biyar a ramukan gefen wuya, ta haɗa na sama biyu, ta bar na tsakiya shi kaɗai, ta haɗa na ƙasa biyu, ta ci gaba da rabawa har suka isa yatsu. Ƙaramin kwarangwal ba zai ba ka filin yin wannan ba.

Ƙashin baya ma ya yi kyau ƙwarai. Ga na wuya bakwai, na ƙirji goma sha biyu, na kwankwaso biyar, sai biyar ɗin da suka narke suka zama ɗaya a bayan ƙugu, da ɗan guntun ƙarshe. Bambancinsu ya fito. Na wuya suna da ƙananan ramuka a gefe inda jijiyar jini ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa, kuma an zura jar roba a ciki don a nuna ta. Na ƙirji suna da gurbin da haƙarƙari ke zama. Na kwankwaso kuwa manya ne masu kauri, domin su ke ɗauke da nauyi. Lanƙwasar bayan ma daidai take. A nan na fara gane abin da ake yi wa mai sanƙarau in za a ɗebi ruwan bayansa. A jikin babba laka tana ƙarewa ne a wajen ƙashin kwankwaso na farko zuwa na biyu, don haka allura ƙasa da nan ake sa ta, tsakanin na uku da na huɗu ko na huɗu da na biyar. Yadda ake gano wurin shi ne a ja layi tsakanin saman ƙasusuwan ƙugu biyu, layin zai ratsa ta kan na huɗu. Na ɗaura zare daga wannan ƙugu zuwa wancan a jikin kwarangwal ɗinmu, ya faɗa daidai inda ya kamata. Ga mu 'yan Arewa da sanƙarau ke ziyarta duk lokacin zafi, wannan ba ƙaramin sani ba ne.

Haka ƙugu da cinya. An nuna babban gurbin da jijiyar saƙo mafi girma a jiki take fitowa ta gangara bayan cinya, kuma da ka kalle shi za ka gane dalilin da ya sa ake cewa allurar ɗuwawu a yi ta a sama ta gefen waje. Kowa a cikinmu ya san wani yaro a unguwa da ke jan ƙafa tun daga wata allura da aka yi masa ba daidai ba. Kan ƙashin cinya yana zaune a gurbinsa, wuyansa ya karkata kusan digiri 125 daga sandar ƙashin, kuma ana iya kwance shi a riƙe a hannu. Wannan kan shi ne yake mutuwa a jikin masu sikila da yawa idan jini ya kasa isa gare shi, su riƙa ɗingishi suna kuka da ciwon kwankwaso. Ina da 'yar uwa mai wannan lalura, kuma ranar da na nuna mata wurin a jikin robar, ta daɗe tana juya shi a hannunta tana tambayata.

Sai dai ƙugun na namiji ne, kamar yadda yawancin irin waɗannan suke. Kusurwar da ke ƙasan gaba matsattsiya ce, bakin ƙugun ma bai da faɗi. Bambancin ƙugun mace da na namiji tambaya ce da ba ta wuce jarrabawa, kuma shi ne tushen karatun haihuwa nan gaba. Don haka sai an je ɗakin ƙasusuwa na makaranta an ajiye biyun kusa da juna.

Kafin in shiga aibobinsa, bari in faɗi wani abu da mai niyyar saye ya kamata ya shirya masa, wato mutanen gida. Ranar da aka kawo shi gidanmu a a-daidaita-sahu, Umma ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina ta ce, "Ke yanzu da wannan abin za ki riƙa kwana?" Na ba ta hannunsa ta taɓa, na nuna mata layin da injin zuba roba ya bari. Ta gamsu cewa ba ƙashin kowa ba ne, amma ta kafa sharaɗi: a rufe shi da zani da zarar an gama karatu, kuma kada ya tsaya ta gabas inda nake salla. Na ga sharaɗin ya dace, kuma rufewar ma ta kare shi daga ƙura. Ƙannena kuwa kwana kaɗan suka yi suna tsoro, daga baya su ne masu ƙirga haƙarƙari. Autanmu yanzu ya san guda goma sha biyu ne a kowane gefe, bakwai sun kama ƙashin ƙirji kai tsaye, uku sun jingina da guringuntsin na samansu, biyu kuwa ba su kama komai ta gaba ba. Shawarata ita ce a gaya wa iyaye kafin a shigo da shi, kada su gan shi kwatsam.

Yanzu ga inda ya gaza. Babban aibinsa ƙoƙon kai ne, kuma ba ƙaramin aibi ba ne. Daga nesa kan ya yi kyau. Ƙasusuwansa 22 ne, takwas suna rufe ƙwaƙwalwa, goma sha huɗu na fuska, kuma an zana layukan da suka haɗa su. Amma karatun kai da wuya, wanda muke ciki yanzu a aji uku, ba a samansa yake ba. A gindinsa yake, a ramukan da jijiyoyin ƙwaƙwalwa guda goma sha biyu na kowane gefe da jijiyoyin jini suke bi. Yadda ake koyon ramukan nan shi ne a zura tsinken tsintsiya ta ciki a ga inda zai ɓullo. A namu, babban ramin da laka ke bi ne kawai da wasu 'yan kaɗan suke a buɗe da gaske. Ramin da ake kira foramen obale, inda reshe na uku na jijiyar ƙwaƙwalwa ta biyar ke fita, a buɗe yake a dama, a toshe a hagu. Foramen rotundum ɗan lotsawa ne kawai, tsinke ba ya shiga. Foramen sifinosum kuwa babu shi sam, roba ta cike wurin. Wannan ƙaramin rami shi ne hanyar jijiyar jinin da ke hawa ta bi ta ƙarƙashin teriyon, wato wurin nan na gefen kai, sama da gaban kunne, inda ƙasusuwa huɗu suka haɗu kuma ƙashin ba shi da kauri. In aka bugi mutum a nan, kamar wanda ya faɗo daga babur ba hular kwano, jijiyar tana iya tsinkewa jini ya taru tsakanin ƙashi da rigar ƙwaƙwalwa. Mutum ya tashi yana magana lafiya lau, bayan 'yan sa'o'i ya sume. Ramin da ke ɗauke da darasi irin wannan a ce babu shi, ai an rage wa ɗalibi abu mai yawa. Farantin nan mai ƙananan huji da jijiyoyin jin ƙamshi ke ratsawa shi ma sumul yake, ko huji ɗaya babu. Siririn ƙashin da ke leƙowa ƙasan kunne ya zo gajere a gefe ɗaya, ɗayan kuma ya karye tun a watan farko. Ƙananan ƙasusuwan cikin kunne guda uku, waɗanda ƙaramin cikinsu kusan milimita 3 ne, ba a ma maganarsu. Arha ba ta ado, kuma a kai ne aka rage kuɗin.

Na biyu, wuyan hannu da na ƙafa. Hannu ɗaya yana da ƙashi 27, ƙafa 26. A namu an yi su ɗaya-ɗaya, wannan gaskiya ne, amma an ɗinke su da waya an matse har ba a iya ganin fuskokin da suke gogar juna. Na wuyan hannun sun cure wuri guda kamar curin ƙuli-ƙuli. Za ka iya koyon jerinsu, huɗu a sama huɗu a ƙasa, amma ba za ka iya ɗaukar ɗaya daga cikinsu mai suna sikafoyid shi kaɗai ka juya shi ka gane shi ba. Shi kuwa shi ne wanda ya fi karyewa idan mutum ya faɗi ya dafa ƙasa da tafi, kuma saboda jininsa ta ƙarshensa na wajen yatsu yake shiga, ɓangaren sama yana iya mutuwa in ba a gano karayar da wuri ba. Malamai suna son wannan ƙashi, suna ajiye shi shi kaɗai a kan tebur.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi muhimmanci ga mai shirin jarrabawa. A jarrabawar ƙararrawa, tebura ne a jere, kowanne da ƙashi ko wani sashe na gawa, an soka allura ko an shafa alli a wani wuri. Kana da ɗan lokaci kaɗan ka rubuta amsa, a kaɗa ƙararrawa, ka matsa gaba. A jarrabawar baka kuma malami zai miƙo maka ƙashi ya ce ka faɗi sunansa, ka faɗi na dama ne ko na hagu, ka riƙe shi yadda yake zaune a jiki. Kwarangwal da ke tsaye a haɗe ya riga ya ba ka wannan amsa, don haka ba ya horar da kai a kanta. Wanda ya saba ganin fibula, siririn ƙashin ƙwauri, a maƙale a gefen tibiya, babban ƙashin ƙwauri, ranar da aka miƙo masa ita ita kaɗai zai iya rasa ina ne sama ina ne ƙasa. Abin da muka yi shi ne muka riƙa kwance duk abin da ke kwantuwa, mu zuba a buhu, mutum ya zura hannu ido a rufe ya faɗi abin da ya kama da ɓangarensa. Amma allon kafaɗa da ƙashin karankarma da haƙarƙari da ƙasusuwan baya duk a ɗaure suke, ba sa fita sai an lalata abin.

Ɗaurin allon kafaɗar ma matsala ce ta kanta. An kafe shi da noti a jikin haƙarƙari, alhali a jikin mai rai yana zamewa yana juyawa, kuma da juyawarsa ne hannu ke iya ɗagawa har sama da kai. A robar hannun yana tsayawa a rabi. Juyawar sangalin hannu, inda ɗaya daga ƙasusuwansa biyu, rediyos, ke hawa kan ɗayan, alna, in an kifa tafi, tana yiwuwa amma da ƙyar, sai an tilasta. Sai kuma layin da injin zuba roba ya bari a tsawon kowane ƙashi. Sabon ɗalibi zai iya ɗaukarsa a matsayin wani tudu na halitta. Gara tun farko a bi shi da ido a san shi.

Ƙashi na gaskiya daban yake a hannu. Ya fi wannan roba rashin nauyi, yana da kaushi a inda tsoka ta ja shi shekara da shekaru, yana da ƙananan ramukan da jini ke shiga, kuma babu biyu da suke daidai da juna. Wannan sai a ɗakin ƙasusuwa na makaranta, kuma nan ne ya kamata ya tsaya. A da, yawancin kwarangwal ɗin gaske da makarantun likitanci na duniya ke amfani da su daga Indiya ake fitar da su, musamman ta Kalkata, har gwamnatin ƙasar ta hana fitar da su a 1985. Tun daga nan na roba suka yawaita. A Nijeriya akwai dokar Anatomi tun 1933, wadda ta tsara yadda makarantu masu izini za su karɓi gawa don koyarwa. Ina faɗin wannan ne saboda lokaci-lokaci akan ji raɗe-raɗin cewa wani zai iya samo wa ɗalibi ƙashin gaske. Kada kowa ya kusanci wannan. Ba ka san daga wane kabari aka tono shi ba, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Gawarwakin da muke karatu da su a ɗakin fiɗa ma da ladabi muke tsayawa a kansu. Na roba shi ne wanda za ka iya kai wa gida, ka liƙa masa salatif, ka zana masa alli, zuciyarka a kwance.

Wasu za su ce manhajojin waya masu nuna jiki ta kowace fuska sun wadatar. Ina amfani da su, kuma a wajen tsoka da jijiyoyi da kayan ciki sun fi kwarangwal nesa ba kusa ba, domin kana iya ɗaye jiki hawa-hawa. Ramukan ƙoƙon kai ma a nan na fi ganinsu da kyau. Amma gilashin waya ba ya koya wa yatsa komai, kuma jarrabawarmu da aikin da muke fata duk na hannu ne. Ga kuma caji da data. A daren da babu wuta, fitila ɗaya ta ishe mu mu huɗu mu kewaye kwarangwal muna yi wa juna tambaya.

Game da ƙarko, robar kanta ba ta da matsala, ba ta tsage ba, ba ta canja launi sosai ba. Amma zafin Kano na watan Maris da Afrilu yana sassauta ta. Ɗaya daga cikinmu ta bar shi kusa da taga inda rana ke bugawa, haƙarƙarin gefe ɗaya suka ɗan lotsa, ba su koma daidai ba har yau. Da damina wayoyin yatsu sun fara tsatsa. Da hunturu ƙura tana shiga tsakanin ƙasusuwan baya, sai da tsohon buroshin haƙori ake fitar da ita. Tayoyin ba su da ƙarfi, biyu sun karye, kuma abin yana da nauyi ta sama, in yaro ya ja hannunsa zai iya kifowa. Fentin ja da shuɗi yana bin salatif in an ɓare, don haka a liƙa a gefensa, ba a kansa ba. In za a kai shi wani gida, a cire kai da hannuwa da ƙafafu a naɗe su daban. Kada a yar da kwalin.

Da za a mayar da mu ranar da muka shiga shagon nan, zan sake cewa mu saye shi, kuma mu huɗu ɗin, domin karatun ƙashi ya fi tafiya in akwai mai tambayarka. Fiye da mutum huɗu ko biyar kuwa zai zama rigima a makon jarrabawa. Amma ga wanda kuɗinsa ba zai kai ba, akwai irin da ake sayarwa a warware, rabin kwarangwal a cikin akwati, kowane ƙashi daban. Wannan ya fi dacewa da jarrabawar ƙararrawa da ta baka, ya fi sauƙin ɗauka, kuma ba ya tsorata kowa a gida. Abin da zai rasa shi ne ganin yadda jiki ya haɗu, da wasan zaren nan. Ƙaramin na tebur kuwa kada a kula shi.

Ko wanne aka zaɓa, a ware kuɗin ƙoƙon kai daban kafin a shiga aji uku. Akwai masu kyau da aka zuba daga ƙoƙon gaske, wasu ma an yi wa kowane ƙashi launinsa. Mu yanzu shi muke tara wa kuɗi, kuma mai shagon ya ce zai iya yo mana odarsa daga Legas. Ranar da za a je saye, a tafi da tsinken tsintsiya a jaka. A cire saman kan, a gwada obale da rotundum da sifinosum a dama da hagu, a duba ramin jijiyar gani da wanda ke bayan kunne ta ciki. In tsinke bai ratsa ba, a ce a kawo wani.